Wa Ya Koya Maka? Darasi Daga Filin Kareti

Jawabin da tsohon kyaftin ɗin kulob ɗin kareti ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni damar in ce wani abu a kan maganar da ta hana mu tashi da wuri a zaman da ya wuce, wato farfaɗo da kulob ɗin kareti. Kamar yadda kuka sani, ɗalibai sun rubuto suna roƙon ƙungiya ta saya musu kayan horo, amma wasan da suke so shi ne na Amurkawa wanda suke kallo a waya, mai haɗa naushi da shuri da kokawa. Mu kuwa da muka yi zamaninmu da fararen riguna, muna rusunawa kafin mu shiga fili, sai muka ce wannan ai faɗan tasha ne. Ni ma haka na ce. Da na koma na bincika, sai na tarar gardamar ta girme mu duka, domin malaman Japan da Sin da Koriya sun daɗe suna yin ta da Amurkawa.

Ga asalinta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an girke sojojin Amurka a Japan da tsibirin Okinawa, daga baya kuma a Koriya ta Kudu. Da yawansu suka shiga makarantun wasannin kare kai. Chuck Norris a Koriya ya koyi Tang Soo Do yana sojan sama, Joe Lewis kuma a Okinawa ya koyi kareti. Soja ya yi shekara ɗaya ko biyu, ya sami baƙar ɗamara, ya koma gida ya buɗe makaranta, alhali ɗan ƙasa yakan daɗe yana share ɗakin horo yana maimaita motsi guda. Ba su tsaya nan ba, sai suka fara gauraya salo. Ed Parker, haifaffen Hawaii, ya sake tsara abin da ya koya ya kira shi Kenpo na Amurka. Tambayar da dattawan Asiya suka riƙa yi wa irin waɗannan ita ce wadda maƙeri zai yi wa baƙon da ya zo da guduma: wa ya koya maka, shi kuma wa ya koya masa? A wurinsu, salon da ba shi da salsala ba shi da daraja.

Hatta Bruce Lee, wanda muke kira Burusli muna yara a gidajen kallo, bai tsira ba. An haife shi a San Francisco a 1940, ya tashi a Hong Kong, ya koyi kunfu a hannun Ip Man, sannan ya koma Amurka a 1959 yana koyar da kowa, Basine da wanda ba Basine ba. A 1964 ya kara da wani gwani mai suna Wong Jack Man a garin Oakland. Matarsa ta ce koyar da baƙi ne ya jawo karon, shi kuwa Wong ya musanta haka. Ko ma dai mene ne, bayan wannan karo Bruce Lee ya watsar da yawancin tsararrun motsin da ya gada, ya aro daga damben Turawa da wasan takobi, ya kafa salonsa Jeet Kune Do a 1967. Masu riƙo da gargajiya suka ga ya yi wa gado rashin kunya. Ya rasu a 1973 yana da shekara 32, amma a 2005 aka kafa masa mutum-mutumi a bakin teku a birnin Hong Kong.

To, me ya sauya ra'ayi? Gani ya kori ji. A shekarun 1970 Amurkawa suka fara gasar kareti da safar hannu, ana dukan gaske ba nuni ba. A 1977 ɗaya daga cikinsu, Benny Urquidez, ya je har Tokyo ya kayar da gwanayen Japan a gaban mutanensu, Japanawa kuma suka ɗaukaka shi. Haka aka yi a Sin. A 2017 wani mai horar da wasan gauraye, Xu Xiaodong, ya kayar da wani malamin Tai Chi a birnin Chengdu cikin ƙasa da rabin minti, ƙungiyar wushu ta ƙasar ta yi tir da karon, ta ce ya saɓa wa ɗa'ar wasan. Amma a 2019, da wata 'yar Sin, Zhang Weili, ta ci kambun gasar UFC, wadda aka fara a Amurka a 1993, sai aka yi ta murna da ita. Ku lura, salon iri ɗaya ne. Shi ya shigo da gori, ita ta shigo da ladabi.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne tarihin karetin da nake taƙama da shi. Ashe shi ma baƙo ne a Japan. Daga Okinawa Gichin Funakoshi ya kai shi Tokyo a 1922, a lokacin da ake yi wa mutanen tsibirin kallon ƙauyawa. Jigoro Kano, wanda ya kafa judo a 1882, shi ya tsaya masa. Farar rigar nan da ɗamara daga judo aka aro su. Har sunan ma sai da aka sauya rubutunsa a shekarun 1930, daga "hannun Sin" zuwa "hannu wofi". Wato abin da nake kira gargajiya, jiya shi ne sabon abu.

Jama'a, abin da na fahimta shi ne, dattawa tambaya biyu suke yi wa duk wani sabon abu: daga ina ya fito, kuma yana aiki? Amurkawa sun amsa ta biyu a fili, amma waɗanda aka fi girmamawa a cikinsu su ne waɗanda ba su taɓa ɓoye sunan malaminsu ba. Na ga irin wannan a ofishinmu. Da na fara aiki na kawo shawarar a mayar da rajistar fayil cikin kwamfuta, tsohon akawunmu ya ƙi ko kallona. Sai da na zauna kusa da shi wata uku ina koyon tsarinsa, sannan da kansa ya ce in kawo na'urar mu gwada.

Saboda haka na janye maganata ta zaman da ya wuce. Ina ba ƙungiya shawara ta saya wa yaran nan safar hannu da hular kare kai da katifun fili, bisa sharaɗi biyu. Na farko, a samo ƙwararren mai horarwa wanda aka san inda ya koya, domin dukan gaske ba abin da za a koya daga waya ba ne, kuma rai da lafiyar 'ya'yan mutane amana ce a wuyanmu. Na biyu, kowane ɗalibi ya fara yin zango guda yana koyon tsayuwa da rusunawa da kame fushi kafin a bar shi ya kai wa wani hannu.

Ku kuma ƙannena, ku kawo sabon abu, ba wanda zai hana ku. Amma ranar da aka tambaye ku wa ya koya muku, ku tabbata kuna da amsa, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

 Allah Ya ɗaukaka makarantarmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wassalam.