Me Ya Sa Sai Yanzu Suka Yi Magana?

 Karatunmu na yau daga 2 Sama'ila sura 13 ne. Amma bari in fara da wani labari daga ƙasar Ingila.

An yi wani mutum mai suna Jimmy Savile, shahararren mai gabatar da shirye-shirye a rediyo da talabijin na BBC. Ya tara wa asibitoci kuɗi masu yawa, har Sarauniya ta ba shi sarautar girmamawa a 1990. Ya mutu a 2011 yana da shekara 84, aka binne shi da daraja. A 2012 sai waɗansu mata suka fito a talabijin suka ce ya lalata su tun suna yara. Daga nan mutane wajen 450 suka kawo ƙara a kansa. Rahoton 'yan sanda na 2013 ya lissafta laifuffuka 214, daga 1955 zuwa 2009. Iyalinsa da kansu suka sa aka cire dutsen kabarinsa.

Da jin irin wannan, mukan ce, “Me ya sa sai yanzu?” 'Yan'uwa, ba duka ne suka yi shiru ba. Waɗansu sun faɗa tun da wuri, aka ƙi yarda da su. 'Yan sanda ma sun yi masa tambayoyi a 2009, amma ba a kai shi kotu ba. Wa zai ɗauki maganar yarinya, ya bar ta mutumin da ke gina asibiti?

Yanzu mu dubi Tamar, 'yar Sarki Dawuda. Da ɗan'uwanta Amnon ya yi mata fyaɗe, ba ta ɓoye ba. Ta zuba toka a kanta, ta kyakketa rigarta, ta tafi tana kuka da ƙarfi. Me ta samu? Absalom ya ce ta yi shiru, don abin na cikin gida ne. Dawuda ya husata ƙwarai, amma bai hukunta Amnon ba. Tamar ta zauna a gidan Absalom cikin kaɗaici da baƙin ciki. Shirun nan bai rufa asirin gidan ba. Bayan shekara biyu Absalom ya sa aka kashe Amnon.

To, don me suke magana a fili? Kowane ɗayansu ya yi shekaru yana zaton shi kaɗai ne, yana ɗauke da kunyar da ba tasa ba. Da ɗaya ya buɗe baki, sauran suka sami ƙarfin hali. Suna kuma so a kāre yaran da ke tasowa.

Gaskiya ne, zargi ba hukunci ba ne, dole a bincika da kyau. Amma ba a binciken abin da aka ƙi saurara. In yaro ya kawo maka irin wannan magana, ko a kan malami ne, ko kawu, ko dattijon ikkilisiya, kada ka tsawata masa. Ka saurare shi, ka raba shi da mutumin, ka kai shi asibiti, ka sanar da hukuma.

Ke kuma da kike ɗauke da wannan ciwo, ko kai, laifin ba naku ba ne. Allah bai share kukan Tamar daga Littafinsa ba, naku ma yana ji. Mu yi addu'a.