Dafa ƙwai a leda: a ina gizo ke saƙar?

Yau kicin za mu shiga, kan dabarar nan da ke yawo a TikTok: a fasa ƙwai a leda, a zuba albasa da attarugu da ɗan mai, a ƙulle, a jefa cikin tafasasshen ruwa. Ba wanke kasko, ba ƙauri. Sauƙi kam akwai shi, amma mu duba ita ledar.

Yawancin ledar da muke amfani da ita da robar polietilin ake yin ta. Irin mai laushin nan tana narkewa ne a wajen digiri 105 zuwa 115, ruwa kuma a digiri 100 yake tafasa. Kun ga tazarar ba yawa. Gindin tukunya kuwa ya fi ruwan zafi, shi ya sa in ledar ta kwanta a ƙasa sai ka ga ta yamutse ko ta huje.

Kuma ba sai ta narke ba. Zafi da maiƙo su ke taimaka wa sinadaran da aka haɗa leda da su su tsallaka cikin abinci. To, gwaiduwa akwai kitse, ga kuma man da ka zuba. Ba ka gani, ba ka jin ɗanɗano. Baƙar leda ta fi muni, don sau da yawa tsofaffin robobi ake narkawa a yi ta, ba kuma don abinci aka yi ta ba.

Ko a Amurka, kamfanin da ke yin ledar Ziploc, wadda don ajiye abinci aka ƙera ta, bai yarda a riƙa tafasa ta ba. A Najeriya ma, a 2016, ministan noma na lokacin, Audu Ogbeh, ya yi gargaɗi kan dafa alale a leda.

Kar wani ya tsorata, ba cewa muke cin sau ɗaya zai kwantar da mutum ba. Maganar ta kullum-kullum ce, musamman ga yara da masu juna biyu.

Akwai kuma ɗaya: a leda, gefe kan dahu tsakiya na ruwa-ruwa. Ƙwayar cutar salmonela ba ta mutuwa sai zafi ya ratsa, don haka a bari ƙwan ya daskare har ciki.

To mene ne mafita? Ka shafa mai a ƙaramin kwanon silba ko kofin ƙarfe, ka zuba ƙwan, ka rufe, ka ɗora cikin tukunya mai ɗan ruwa. Tururi zai dafa maka shi lugwi-lugwi. Alale ma haka, ko a ganyen ayaba. Kwano ɗaya ne fa za ka wanke.

Ku gwada, ku faɗa mana yadda ya fito. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.