Waƙar Maƙwabci: Taska Ce, Amana Ce Kuma



Idan aka ambaci kiɗa da waƙa a ƙasar Hausa, hankalinmu yakan tafi ga makaɗan fada da manyan mawaƙa irin su Alhaji Mamman Shata. A yau ina so in ja hankalinku ga waɗansu masu waƙa da ba a san su a rediyo ba, watau samarin ƙauyukanmu na Dawakin Kudu da Kura da Bunkure, waɗanda kan ɗauki gurmi ko garaya ko kuntigi bayan sallar lisha su yi wa abokansu da maƙwabtansu waƙa. Ba su gaji kiɗa ba, ba kuwa roƙo suke yi ba. Manoma ne da 'yan ƙwadago da ɗalibai. Abin da sukan yi shi ne su ari karin wata sananniyar waƙa, su zubar da sunan sarki ko attajirin da ke cikinta, su sa na mutumin da suke haɗa iyakar gona da shi.

Wannan ɗabi'a ba tamu ce mu kaɗai ba. A tsibiran Hawai akwai wata 'yar ƙaramar garaya mai tsirkiya huɗu da ake kira ukulele, wadda asalinta ya zo tare da mutanen Madera na ƙasar Fotugal da aka kawo aikin gonakin rake a 1879. Ta bazu a duniya domin ba ta da tsada kuma ba ta da wuyar koyo. Kuntiginmu ya fi ta sauƙi ma: gwangwani ne da fata da sanda da tsirkiya ɗaya tak. Da shi marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi wa karen mota waƙa, ya nuna cewa talaka ma ya cancanci a ambace shi.

To, me ya sa wannan waƙa take da daraja a yankinmu musamman? Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, zaman maƙwabtaka ya sake kama. A noman damina kowa sama yake kallo. A noman rani kuwa maƙwabcinka kake kallo, domin ruwan da zai shayar da alkamarka ko tumatirinka sai ya bi ta gefen gonarsa. In ya tare shi ya wuce lokacinsa, naka amfanin ya yi yaushi. In ya bar ciyawa ta toshe hanya, na ƙasa da shi duk su ji a jikinsu.

Hukuma tana rubuta yawan kadada da yawan buhuna. Amma a 2016, da tsutsa ta cinye tumatir a gonakin Kano, wace takarda ce ta rubuta sunan wanda ya ranta wa maƙwabcinsa iri, ko wanda ya yafe bashin taki? Irin wannan labari a bakin mai gurmi yake samun wurin zama. Shi ne ke tuna wanda ya tashi tsakar dare ya yi wa marar lafiya ban-ruwa. Shi ne kuma ke yi wa mai tare ruwa habaici, jama'a su yi dariya, mai laifi ya gane kansa ya gyara, ba tare da an je gaban dagaci ba.

Sai dai Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. A da, waƙar dandali takan watse tare da taron. Yanzu kuwa akwai wayar salula a aljihun kowa, abin da aka rera da dare a Bunkure kafin gari ya waye ya isa Kano. Habaicin da 'yan unguwa suka san wasa ne, baƙo zai ɗauke shi gaskiya. Zambon da aka yi wa saurayi zai iya bin sa har ranar neman aurensa, ya kuma raba gidaje biyu da ke shan ruwa daga magudana guda.

Saboda haka ina roƙonmu abu biyu. Na farko, mu da muka sami ilmi mu daina raina waɗannan waƙoƙi. Idan mun koma gida hutu mu saurare su, mu rubuta su, domin tarihin talakawanmu ne. Na biyu, kada mu ɗauki muryar kowa ko mu yaɗa ta sai da yardar mai waƙar da ta wanda aka ambata. Sunan maƙwabci amana ne a hannun mawaƙi, kuma amana ne a hannun mai ɗauka.

 Allah ya bar zumunci.