DAGA YUMƁU ZUWA MOTA: JAWABI GA IYAYE DA MALAMAI A LAU



A nan Lau, bakin kogin Binuwai, kamar sauran garuruwanmu, yara kan gina shanu da motoci na yumɓu, iyaye kuwa su kore su, wai ɓata lokaci ne. To, ku sani manyan kamfanonin duniya da yumɓu suke fara mota.

Ga yadda aikin yake. Mai zane ya zana motar a takarda ko a kwamfuta. Sa'an nan a yi ƙwarangwal na katako, a shafe shi da wani yumɓu na musamman mai haɗe da kaki da mai, wanda ba ya bushewa. Akan ɗumama shi ya yi laushi, in ya huce sai a kankare shi da ƙarafa masu kaifi. Ƙaramin samfuri ake fara yi, sau da yawa kashi 1 cikin 4, watau motar mita 4 ta zama mita 1. In ya gamsar, a gina cikakke. Dalili kuwa, gyaran kuskure a yumɓu aikin yini ne, amma a ƙarfe asarar dukiya ce mai yawa. Harley Earl ne ya kafa wannan hanya a kamfanin General Motors na Amurka, inda ya shugabanci sashen zane daga 1927.

A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta soma harhaɗa motoci, alhali kuwa a Faransa aka zana su. Harhaɗawa dabam, ƙira dabam. Ƙasar da ta tsaya ga harhaɗawa tana cin tuwo ne da miyar maƙwabta.

Kada a ce abin ya fi ƙarfinmu. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna a Amurka a 2007. Daga 2017 zuwa 2023 kuma ya shugabanci Hukumar Ƙira da Bunƙasa Motoci ta Ƙasa.

Saboda haka, iyaye, ku ƙyale yaro da yumɓunsa, ku sa shi makaranta. Malamai, ku koya masa awo da lissafi da zane, ku nuna masa hanyar makarantar koyon sana'a. Da ɗanyensa ake tanƙwara icce.

Allah ya ba mu sa'a. Wassalam.