JAWABI A KAN TAKARDAR NEMAN AIKI DA IRIN FAYIL ƊIN DA ZA A AIKA TA CIKI



Dalilin wannan jawabi shi ne, samari da 'yan mata da yawa su kan gama makaranta, su yi bautar ƙasa, su aika da takardar neman aiki, sa'an nan su yi ta jira, shiru. Sau da yawa ba rashin cancanta ya jawo haka ba, takardar ce ta isa ofis cikin siffar da ba ta karantuwa. Tun da ya ke wurin hakimi yaro ya kan fara zuwa in yana neman shaidar cewa shi ɗan ƙasar ne, ya kyautu a sami wani a ofishin gunduma wanda zai iya yi masa gargaɗi a kan wannan al'amari.

Takardar da a ke nufi ita ce wadda 'yan boko su ke kira sibi. Sunan daga Latin ya fito, ma'anarsa tafiyar rayuwar mutum. A ciki a kan sa suna, da adireshi, da makarantun da aka yi tare da shekarunsu, da ayyukan da aka taɓa riƙewa, da mutum biyu ko uku waɗanda za su shaidi halin mai ita. A dā da tafireta a ke bugawa a kai gidan waya. Yanzu kuwa manyan ma'aikatu da kamfanoni ta intanet su ke karɓa, watau abin da a ke aikawa fayil ne na kwamfuta, fayil kuwa iri iri ne.

Wanda aka fi sani shi ne na Word, na kamfanin Microsoft. Tsohonsa sunansa ya kan ƙare da .doc, tun daga 2007 kuwa aka koma .docx. Amfaninsa shi ne a na iya gyara shi ko yaushe, saboda haka a cikinsa ya kamata a rubuta takardar tun farko, a ajiye ta ta zama uwa. Amma yana da aibu. In kwamfutar mai karɓa ba ta da salon haruffan da aka yi rubutun da shi, sai ta musanya da wani, layuka su goce, shafi biyu su koma uku. Haruffanmu masu lanƙwasa, watau ɓ, ɗ da ƙ, su a ka fi cuta, gama wani lokaci sunan gari kamar Ƙanƙara ko Ɗambatta sai ya fito da ɗan akwati a maimakon harafin farko. Sunan mutum kansa kuwa, lalle a rubuta shi harafi da harafi yadda ya ke a takardun jarrabawarsa. Wanda ya ke Mohammed a takardar makaranta kada ya zama Muhammadu a sibi, ko da ya ke na biyun ya fi daɗin ji.

Sai PDF, wanda kamfanin Adobe na Amurka ya fitar a 1993, a 2008 kuma hukumar ma'auni ta duniya ta karɓe shi ya zama na kowa. Shi ya kan tafi da haruffansa a jikinsa, yadda aka tsara shafi haka zai bayyana a kowace kwamfuta ko wayar hannu, kuma ba ya gyaruwa da sauƙi. In sanarwar aiki ba ta ambaci wani iri ba, shi ya fi dacewa a aika. In ta ce Word, a ba ta Word, kada a yi mata wayo.

A nan akwai wurin da ya kamata malamai su natsu, domin PDF iri biyu ne, ido kuwa ba ya bambanta su. Akwai wanda aka juyo kai tsaye daga Word, rubutunsa rubutu ne. Akwai kuma wanda aka buga a takarda, sa'an nan aka ɗauki hotonsa da waya ko na'urar kwafi, wannan hoto ne kurum ya sa rigar PDF. Manyan kamfanoni da yawa suna da na'ura mai tace takardu kafin ɗan Adam ya duba, tana neman sunan digiri da irin aikin da aka taɓa yi. In ta gamu da hoto, mai yiwuwa ne ta wuce ba ta ga kome ba. Gwajin ba wuya: a buɗe fayil ɗin, a gwada zaɓen kalma guda a kwafe ta. In ta kwafu, madalla. In ta ƙi, a koma ga uwar a sake juyowa. Ita dai wannan na'ura ba ta son ado. Zane-zane, da jadawali, da raba shafi gida biyu su kan rikita ta har ta haɗa shekarar makaranta da sunan wurin aiki.

Akwai kuma rubutu tsura, mai ƙarewa da .txt, ba ado ko kaɗan. Yana da amfani in an ce a cika fom a shafin intanet, sai a riƙa kwafowa daga gare shi a na zubawa gurbi gurbi. Wanda ya yi rubutunsa da LibreOffice, wadda a ke samu kyauta, fayil ɗinsa .odt ne, gara ya juya shi zuwa PDF kafin ya aika. JPEG kuwa na hoton fasfo ne da takardun shaida. Su ma a duba nauyinsu, gama yawancin shafukan ɗaukar aiki su kan yanka iyakar da ba za a wuce ba.

Sauran magana a kan shagunan buga takardu, inda yawancin yaran karkara su ke zuwa. Mai shago, don gaggawa, ya kan ɗauko sibin wani ya goge suna ya sa sabo, sai a bar ranar haihuwar wancan ko lambar wayarsa a ciki. Saboda haka yaro ya karanta takardarsa layi layi kafin ya biya kuɗi, ya sa wa fayil ɗin cikakken sunansa, ya karɓi uwar da PDF duka biyu a wayarsa ko imel ɗinsa, sa'an nan ya tsaya a goge ta daga kwamfutar shagon a gaban idonsa.