Jawabi Ga Makiyayan Mindif A Kan Gawayi Da Taki

 

Tun kaka da kakanni muna da wata yarjejeniya da manoma. Bayan girbi shanunmu su ci kara, su kwana a gona, su bar taki. Yau filin kiwo tsakanin Mindif da Mulfudaye sai raguwa yake yi, gonakin masakwa da na auduga suna ƙaruwa, manomi kuma yana kwashe karansa ya kai gida. To, me ya rage mana na ciniki? Taki ne. Da takin zamani ya yi tsada a 2022 saboda yaƙin Rasha da Yukren, kowa ya ga darajar kashin shanu.

Sai dai muna asarar rabonmu. Warin nan mai yaji da ke tashi a garke, ƙarfin taki ne ke bin iska. Rana ta busar da kashi, fitsari ya nutse a banza.

Maganinsa gawayi, amma ba na sare itatuwan daji ba. Itacen auduga da manoman Sodecoton ke ƙonewa bayan tsinka, shanu ba sa cinsa. Shi za mu roƙa. Karan dawa kuwa abincin dabba ne, kada a taɓa shi.

A haƙa rami mai faɗin baki, a kunna wuta a ciki, a riƙa zuba itacen kaɗan-kaɗan. Da farar toka ta fara fitowa sai a ƙara wani. In rami ya cika a kashe da ruwa, a daddaka gawayin, a shimfiɗa inda shanu ke kwana. Gawayi yana da ƙananan ƙofofi masu shan fitsari da riƙe laima. Kwando ɗaya ya isa kwando goma na kashi. Bayan nan a tara a rami, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa har ya ruɓe. Kada a kai tsurar gawayi gona, don zai fara shanye abincin shuka.

Mai irin wannan taki ba roƙo zai je yi wurin manomi ba, ciniki zai je yi: ga taki, a ba mu kara da hanyar mashaya. Kowane ardo ya sa a gwada rami ɗaya a rugarsa kafin damina.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya albarkaci dukiyarmu. Wassalam.