Jawabi: Ƙungiyarku da ƙofofin hukuma

Jama'ar Dakoro, manoma da makiyaya, maza da mata. 

Yau zancenmu na burtali ne da ɓarna, da yadda ƙungiyoyin talakawa ke zama da hukuma a kansu.

Dattawa ba su manta da Toda ba, a ƙasar Gidan Rumji. A 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100 a can. A 1993 gwamnati ta kafa dokar karkara. Dokar ta kawo kwamitin filaye, wanda kuke kira Kofo. A cikinsa manoma da makiyaya da mata da matasa suna da kujera, tare da sarakuna da ma'aikata.

Kofo hawa-hawa ne. Ku riƙe wannan da kyau.

Na farko yana ƙauye, mai gari ne shugabansa. Nan ake rubuta takardar saye ko aro ko jinginar gona.

Na biyu yana kumin, shugaban kumin ke jagorantarsa. A 2004 aka yi zaɓen kansiloli, aka samu magadan gari. A 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun, ta naɗa kantomomi. Amma dokar karkara tana nan.

Na uku yana Dakoro, a hannun perfe. Nan ake kai maganar manyan burtali da makiyaya da rijiyoyi, irin na gulbin Tarka.

Sama da su akwai gwamnan Maraɗi. Shi ke sa ranar sakin gonaki bayan an yi shawara.

To, ana jin muryar ƙungiya kuwa? Ana ji. A 1990 makiyaya suka kafa ƙungiyar AREN. Ita da ƴan uwanta sun yi shekaru suna zama da gwamnati a Yamai. A 2010 dokar kiwo ta fito, ta ce yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne. Da mutum guda ne ya je, wa zai saurare shi? Tsintsiya ɗaure take shara.

Ga shawara uku. Ku nema wa ƙungiyarku takardar izini. Ku zaɓi wakilin da zai komo ya gaya muku abin da aka ce, ba mai zuwa cin shinkafar taro ba. Ku fara daga ƙofar mai gari, in ta gagara ku yi gaba.

Ku da kuka iya karatu, ku rubuta ranar taro, da waɗanda suka zo, da abin da aka tsaida. Baki yana mantuwa, takarda ba ta yi. Kada ku dangwala yatsa kan takardar da ba a karanta muku ba.

Damina na tafe. Ku tambayi mai gari tun yanzu: su wa ke zaune a Kofo da sunanmu?

Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya.